Maƙwabtana 'yan Mormon ne, wai ina matsayin mace a cocinsu?

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu kun ji ni ɗif, jego ne ya ɓoye ni, alhamdu lillahi mun samu ƙaruwar ɗa namiji. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi nan ko masu ilimi za su warware mini.

Kun san a jihar Utah ta Amurka muke, inda maigidan yake karatu, kuma layinmu kusan kowa ɗan cocin nan ne da ake ce wa Mormon. Da na haihu ba uwa ba ƙanwa, ba mai dafa mini ruwan wanka balle kunun kanwa. Matan layin nan su suka raba kwanaki a tsakaninsu, har da rubutawa a takarda, kwana goma cur kullum da yamma sai an ƙwanƙwasa ƙofa da abinci. Sai da suka tambaye ni abin da ba ma ci. Ɗaya kuma ta ɗauki nauyin kai Hanifa makaranta har sati biyu. Wallahi ko a gida iyakar abin da za a yi mini ke nan.

Wadda ta haɗa duk wannan likitar yara ce, kuma ita ce shugabar matan cocin unguwar. Ta gayyace ni sa wa jaririyar ƙanwarta albarka, abin kamar suna a wajenmu. Na je. Aka kira uban ya fito da jaririya, maza kamar takwas suka kewaye shi, kowa ya sa hannun dama a ƙarƙashin yarinyar, na hagu a kafaɗar na kusa da shi, uban ya raɗa suna ya yi addu'a. Mai jegon tana can kan benci tana leƙe. Can kuma sai ga yara maza cikin fararen riguna suna zagayawa da gutsuren burodi da ruwa a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Cikinsu har da ɗan likitar, shekararsa 12. Da muka fito na ce mata, ke kin taɓa rabawa? Ta yi dariya ta ce ai wannan aikin masu matsayin firist ne, wato limancin cocinsu, mata ba a naɗa su. Yaron da har yau ita ke tashinsa da safe yana da matsayin da ita ba ta da shi. Haka abin yake tun asali?

Hajiya Turai: Barka da arziki 'yata, Allah ya raya mana. Ki dai riƙa gasa jikinki, kar sanyin ƙasar nan ya shige ki. Masu amsa kuma a yi da ladabi, addinin mutane ne.

Baban Khalil: Barka Maman Hanifa. Amma tsaya, ba su ne masu auren mata ashirin ba? Na taɓa ganin su a talabijin, mata da dogayen riguna har ƙasa, gidan mutum ɗaya kamar unguwa. Na ce ashe mu masu huɗu yara ne.

Malam Sabo: Baban Khalil, waɗanda ka gani 'yan aware ne, ba babban cocin ba. Shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu, Warren Jeffs, yana gidan yari a Texas tun 2011, ɗaurin rai da rai, saboda abin da ya yi wa yara mata masu shekara 12 da 15 da sunan aure. Maƙwabtan Maman Hanifa kuwa, yau mutum ya ƙara aure da matarsa a raye, korar sa za a yi daga cocin.

Amma tushen guda ne. Joseph Smith ya kafa cocin a 1830 a jihar New York, ya ce shi annabi ne. Ya riƙa ƙara aure a ɓoye, kuma cocin da kansa ya wallafa a 2014 cewa matan da aka ɗaura masa sun kai 30 zuwa 40, ƙaramarsu Helen Mar Kimball tana da shekara 14, wasu kuma da mazajensu a raye aka ɗaura. Bayan an kashe shi a 1844 Brigham Young ya kwashi jama'a zuwa Utah a 1847, a 1852 aka fito fili da maganar. Shi Young matansa sun haura 50. Gwamnatin Amurka ta sa su gaba da dokoki, ta ɗaure maza, a 1887 ta fara ƙwace dukiyar cocin. A 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya ba da sanarwar an daina. Ba a daina ɗin nan take ba, sai da aka sake wata sanarwar a 1904.

Barista Asma'u: Malam ka tsallake wadda ta fi ba ni tausayi, uwargidan Smith, Emma. A 1842 aka kafa ƙungiyar agaji ta mata, Relief Society, wadda likitar Maman Hanifa take shugabantar reshenta, Emma ce shugaba ta farko. Tana tsayawa gaban mata tana gargaɗi a kan jita-jitar auren ɓoye da ke yawo a gari, ashe sakatariyar da ke zaune gefenta tana rubuta bayanan taro, Eliza Snow, an ɗaura mata aure da mijinta a shekarar nan. Ku mata ku auna wannan a ranku.

Da rigima ta yi yawa a gida, a 1843 Smith ya sa aka rubuta wani abu da ya ce wahayi ne, an ambaci Emma da suna, cewa ta karɓi matan da aka ba mijinta, in ta ƙi za a hallaka ta. Wannan rubutun har yau yana cikin littattafansu masu tsarki, sashe na 132, ba a cire ba. Emma ba ta bi Young zuwa Utah ba, kuma har ta rasu a 1879 tana musun cewa mijinta ya taɓa yi mata kishiya.

Baban Khalil: To amma Barista, na ji an ce matan ne da kansu suka fito suna kare abin. In da zalunci ne zalla ai da sun gudu.

Malam Sabo: Nan ne labarin yake da ɗaure kai. A watan Janairu na 1870 dubban mata suka taru a birnin Salt Lake suna Allah wadai da dokar da majalisar Amurka take shirin yi a kan auren mace fiye da ɗaya. Wata guda bayan haka Utah ta ba mata damar jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin sauran matan Amurka su samu gaba ɗaya a 1920. Wasu 'yan siyasar gabashin Amurka sun ɗauka in aka ba su ƙuri'a za su kayar da shugabannin cocin. Suka zaɓi waɗanda mazansu suke zaɓa. Haushin haka majalisa ta ƙwace ƙuri'ar a 1887, sai 1896 ta dawo.

A zaɓen 1896 ɗin ne wata likita, Martha Hughes Cannon, ta huɗu a gidan mijinta, ta tsaya takarar majalisar dattawan jiha a wata jam'iyya, mijin a wata. Ta ci, shi ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta zama sanatar jiha a duk Amurka. Kuma ita ɗin ce dai shekara goma kafin nan ta goya jaririyarta ta gudu Ingila don kar a tilasta mata ba da shaida a kotu a kan aurenta.

Hajiya Turai: Malam, taron mata a gaban jama'a daban, abin da ke cikin ɗaki da daddare daban. Ni da kishiyoyi biyu na zauna shekara talatin, in baƙo ya zo ya zagi gidanmu tare za mu taso masa. Wannan bai hana kowa kukanta ba. Kishi kumallon mata ne, ko a Amurka ko a Gwammaja.

Barista Asma'u: Hajiya kamar kin karanta littafin sirrin Emmeline Wells. Ita ce ta yi shekaru tana shugabantar jaridar matan, a jarida tana kare auren da ƙarfinta, a rubutunta na ɗaka kuma tana kukan kaɗaici da rashin ganin mijin. Duka biyun ita ce.

Anti Ladi: Sannunku. Ni Kirista ce kun sani, kuma mu a ikilisiyoyinmu ba ma lissafa Mormon cikinmu saboda littafin da suka ƙara a kan Littafi Mai Tsarki, amma wannan wata magana ce. Abin da Maman Hanifa ta faɗa na kai abinci ya tuna mini da zumuntar mata. Mu ma mu ne masu zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, mu ne masu share majami'a. Tambayata ɗaya ce, domin a nan ake gane mai iko: kuɗin ƙungiyar matan nan a hannun wa yake? Mu dai ma'ajinmu mace ce, kuma in fasto yana son taimakonmu sai ya zo ya roƙa.

Barista Asma'u: Anti Ladi kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A da nasu ne. Suna da gine-ginensu, suna karɓar kuɗin mambobi, sun buɗe asibiti a Salt Lake a 1882, suna tura 'yan mata karatun likita da ungozoma. Daga 1876 suka fara tara alkama a rumbuna, da kala a gonaki da saye, har ta yi yawan da suka aika wa mutanen San Francisco bayan girgizar ƙasa ta 1906, a 1918 kuma suka sayar wa gwamnatin Amurka lokacin yaƙin duniya na farko. Jaridarsu ta yi daga 1872 zuwa 1914, mujalla ta gaje ta.

Abin da zai ba Maman Hanifa mamaki, matan nan suna ɗora hannu a kan mara lafiya, su shafa masa mai su yi addu'a, musamman mai ciki da ta kusa haihuwa. Smith da kansa ya yarda da hakan. A hankali aka riƙa janyewa, zuwa 1946 aka ce a kira maza su yi. Wajen 1970 aka haɗe komai a ƙarƙashin shugabancin maza, aka rufe mujallar, aka karɓi asusun. Yau shugabar mata ta unguwa bishop, wato shugaban cocin unguwar, ne yake zaɓen ta, shi yake sauke ta, kuɗin aikinta daga kasafinsa yake fitowa. Saboda haka amsar tambayarki ƙanwata, naɗin firist dai ba a taɓa yi musu ba, amma kakannin likitar nan sun fi ta ikon gashin kansu, duk da suna zaune da kishiyoyi.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Amma bari in yi mata adalci tunda ba ta nan. Ba ta yi mini kama da wadda aka danne ba ko kaɗan. A ranar ma mace ce ta hau mumbari ta yi wa'azi, maza suna sauraro. Ta yi aikin mishan wata 18 tana budurwa. Ta ce mini bishop ɗinsu ba albashi ake biyan sa ba, yana da sana'arsa, ga rigingimun ma'aurata da masu neman kuɗin haya har tsakar dare, ita me za ta yi da wannan wahalar? Ta ce Allah ya ba maza firistanci ya ba mata haihuwa, kowa da nasa. Na ce mata to ai maza ma suna zama uba, macen da ba ta haihu ba fa? Ta yi shiru kaɗan ta ce yayarta ma haka take cewa, shi ya sa ta daina zuwa coci.

Malam Sabo: Kuma ba ita kaɗai ba ce. Binciken da cibiyar Pew ta yi a 2011 ya nuna kusan tara cikin goma na matan cocin ba sa goyon bayan a naɗa mata. Mazan ma sun ɗan fi su sassauci a kan maganar.

Barista Asma'u: Malam, ka tambayi mutum ra'ayinsa a kan abin da ya san in ya ɗaga murya za a kore shi? A 1979 aka kori Sonia Johnson saboda ta fito tana sukar yadda cocin yake yaƙar gyaran tsarin mulkin Amurka na daidaita haƙƙin maza da mata. A 2013 wata lauya, Kate Kelly, ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata. Ba zagi suka yi ba, layi suka bi a ƙofar babban taron maza a Salt Lake, ɗaya bayan ɗaya kowace ta nemi izinin shiga aka ce mata a'a. A watan Yunin 2014 aka kore ta. Maza uku suka zauna suka yanke hukuncin, ba ta ma wurin. A matsayina na lauya wannan ne ya fi damuna: duk laifin da ake tuhumar mace da shi, har wanda ya shafi sirrin jikinta, gaban maza za ta zauna ta yi bayani, babu mace ko ɗaya cikin masu yanke hukunci. Yarinya 'yar shekara 13 ma bishop ne yake yi mata tambayoyin tsarki a ofis. Sai 2018 aka ce in tana so wani babba ya zauna da ita.

Ban ce ba a canza komai ba. A 2013 mace ta fara yin addu'a a babban taronsu na duniya, ku lissafa daga 1830. A 2019 aka cire alkawarin da mace take yi a haikali, wato gidan manyan ibadunsu da ya bambanta da cocin unguwa, na yin biyayya ga mijinta, aka kuma yarda ta tsaya shaidar baftisma. Duka daga sama aka sauko da su, kuma waɗanda suka fara roƙa suna waje.

Baban Khalil: To ni dai a ganina kowace ƙungiya da dokarta. In ba ki yarda ba ga ƙofa nan. Ba a shiga gidan mutum a ce sai ya canza inda ya sa gadonsa.

Anti Ladi: Baban Khalil, gidan nata ne fa, a ciki aka haife ta, uwarta da kakarta suna ciki, kuma ushirinta na kashi goma ana karɓa ba a tambayar mace ce ko namiji.

Malam Sabo: Ƙofar ma akwai wadda ta buɗe tuntuni. Ɓangaren da ɗan Emma ya shugabanta, da yanzu ake kira Community of Christ, sun fara naɗa mata tun 1985, a 2025 ma mace ce ta zama shugabarsu baki ɗaya. Sai dai su 'yan kaɗan ne, babban cocin yana da mambobi sama da miliyan 17.

Ɗan Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan Gana mun san su sarai, samari biyu-biyu da farar riga da baƙin bajo a ƙirji, yanzu har da 'yan mata. Zamanin shugaba Rawlings a 1989 an rufe cocinsu kusan shekara ɗaya da rabi, aka kori 'yan mishan ɗinsu. Yanzu suna da haikali a Accra tun 2004, na Aba a Najeriya kuma 2005. Abin dariyar, mai mata biyu a nan in ya ce zai shiga ba za su yi masa baftisma ba. Jikokin mai mata 50 ne suke ce wa mai biyu bai cancanta ba.

Kuma a tuna, kafin 1978 baƙar fata namiji ba a naɗa shi firist, baƙar mace kuma ba ta shiga haikali a yi mata manyan ibadunsu. Akwai wata Jane Manning James da ta zauna a gidan Smith tana aiki, ta bi su har Utah, ta yi shekaru tana rubuta wa shugabanni takardar roƙo. Abin da suka yi mata a 1894 shi ne suka ɗaura ta ga iyalin Smith a matsayin baiwa mai hidima har abada, ba a ma bar ta ta shiga wurin ba, wata ce ta tsaya a madadinta.

Hajiya Turai: Innalillahi. Hidima a duniya, hidima a lahira.

Anti Ladi: Maganar mai mata biyu ba sabuwa ba ce a wurinmu. Turawan mishan na farko haka suka yi wa kakanninmu, sai ka sallami sauran kafin baftisma. Ba a taɓa tambayar wadda za a sallama ina za ta da 'ya'yanta ba.

Baban Khalil: Malam Sabo, mene ne wannan ɗaurawa har abada da ake ta faɗa?

Malam Sabo: A aƙidarsu auren da aka ɗaura a haikali mutuwa ba ta raba shi, kuma sai da shi ake kai wa matsayi mafi girma a lahira. To ga inda gizo ke saƙar. Namiji in matarsa ta rasu zai iya auren wata a ɗaura masa ita ma har abada, duka biyun nasa ne a can. Russell Nelson da ya shugabance su daga 2018 haka ya yi, Dallin Oaks da ya gaje shi shi ma haka. Mace kuwa in mijinta ya rasu, tana raye ba za a ɗaura ta har abada ga wani ba sai an warware na farkon. Za ta iya sake aure, amma na duniya kawai, kuma 'ya'yan da za ta haifa wa na biyun a lissafinsu suna bin ɗaurin na farko. Wato an daina a ƙasa, ba a daina a sama ba.

Maman Hanifa: Yanzu na gane wata magana. Ranar da ta kawo mini miyar kaza muna hira, na ce mata babana matansa uku, na ɗauka za ta yi irin fuskar da Turawa suke yi. Sai ta ajiye kwanon ta zauna, ta ce yaya mamanki take yi? Ta tambaye ni rabon kwana, ta tambaye ni girki, ta tambaye ni ko 'ya'yan suna shiri. Can ta ce ta sa mijinta ya yi mata alkawari in ta riga shi mutuwa ya yi aure in yana so, amma kar ya kai amaryar haikali. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka wasa take.

Hajiya Turai: Ya yi alkawarin?

Maman Hanifa: Ta ce ya yi. Ta ce ta kuma gaya wa babbar 'yarta, don a samu shaida.